Zanen Samiha

Ranar da labarin ya iske ni ina kasuwa, ina tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin buhu. Asabar ce, kasuwar Malanbil ta cika, motocin kudu sun jeru suna lodi. Na ɗaga kai sai ga Manzo, maigidana, tsaye bakin rumfa. Tun da na fara sayar da albasa bai taɓa tako rumfata ba. Ya ce in rufe kaya mu tafi gida. Na tambaye shi ko ruwa ne ya shiga ɗaki, don damanar nan gulbi ya yi ambaliya har ya cinye gonakin shinkafa. Ya girgiza kai, ya ce, "Samiha ce."

Samiha ɗiyarmu ce, auta. Tana koyon aikin jinya a wata lakwal, wato makaranta, a Faraku, shekararta ta ƙarshe. Aka turo ta da abokiyar karatunta Nafisa wani ƙauye cikin ƙasar Garu, su yi aiki a hannun manya kafin a ba su takarda. Na yi murna lokacin, ga ta kusa da gida. Na zaci a ɗakin likita za ta zauna da farar riga tana yi wa mutane allura. Da ta zo mana wata Juma'a sai na ga ƙafafunta duk laka. Ta ce aikin nasu gida-gida ne. Su duba inda ake ɗiban ruwan sha, su duba inda ake zagayawa, su auna yara, su tambayi mai ciki ko ta je awo, su koya wa uwaye haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro yana zawo. Na ce mata wannan ai yawon gulma ne, wa ke yin dogon karatu don ya leƙa salgar mutane? Ta yi dariya, ta ce in ta zauna jiransu a ɗaki sai an kawo mata su a ɗauke. Mu ma ba ta ƙyale mu ba. Ta hana a wanke hannu cikin kwano ɗaya, ta hana a ajiye moɗa a ƙasa. Ubanta har suna ya sa mata, Duwan, wato ɗan kwastan, wai ba abin da ke wucewa gabanta ba ta bincike shi ba.

Bayan ambaliya kwalara ta shiga ƙauyen. Su biyu da majo, babban ma'aikacin likita, wato ƙaramin asibitin ƙauyen, suka yi ta fama da masu amai da zawo, har ita ma ciwon ya kama ta. Bai ja da ita ba.

Ruwa ya yanke hanyar moto, sai da jirgin ruwa muka tafi. Ko da muka isa an riga an rufe ta. Majo ya fito ya tarye mu, idonshi jawur don rashin barci. Ya ce an yi mata wanka da sutura, an yi mata salla, masu wankan sun sa safar hannu, da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta suka yi. Ya ce gawar mai kwalara ba a ajiye ta, ba a ɗaukar ta zuwa wani gari. Manzo yana ta cewa Allah ya saka da alheri. Ni ba abin da nake ji sai warin jabel, ya cika tsakar likitar, ya cika mini maƙogwaro. Daga nesa aka nuna mini maƙabartar. Ni na yi wa yarinyar nan wanka tun tana jaririya har ta iya da kanta, na ƙarshen kuma baƙi suka yi mata da roba a hannu.

Za mu koma jirgi sai tsohuwar da ta sauki su Samiha a gidanta ta ja ni bayan danga. Ta danƙa mini wata baƙar leda a ƙulle. Ta ce zanen da ke jikin ɗiyata ne sa'ad da ciwon ya kada ta, an sake mata wani kafin a kai ta likita. Ma'aikata sun bi gidan sun kwashe tabarma da tsummoki, ita kuwa ta ɓoye wannan, don ba ta son in koma gida ba komai a hannuna. Ban kwance ba, amma ta jikin ledar na san da danshi a ciki. Na san zanen kuma. Shuɗiyar atamfa ce mai ganye ruwan ɗorawa, ni na saya mata shekarar da ta shiga lakwal. Na cusa ledar cikin hijabi, ban gaya wa kowa ba sai Yaya Zalika.

Yaya Zalika yayar Manzo ce, ita ce babba a cikin matan gidansu. Mutanen ruwa ne tun kakanni, kuma suna da abin da suke yi. Ranar sadakar uku, uwa ko 'yar'uwa takan ɗauki tufafin da ciwon ajali ya kama mutum a cikinsu ta kai gulbi, ta wanke da hannunta a ruwa mai gudu, a shanya, a ba wata mabuƙaciya sadaka. Ba a wankewa a gida. Da na nuna mata ledar ta rungume ni tana kuka, ta ce Allah bai hana ni duka ba.

Da safen sadakar, mata sun cika gida, ana tuƙa tuwon shinkafa. Na sa ledar cikin kwano da sabulu, Yaya Zalika ta ɗaura ɗankwali. Muna bakin ƙofa sai ga Nafisa ta sauko daga kan moto, wato babur, ta rame har ban gane ta ba da farko. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa. Idonta yana kan kwanon. Ashe ta nemi zanen cikin kayan Samiha ba ta gani ba, ta matsa wa tsohuwar har ta faɗa mata.

Ta ce, "Inna, don Allah kada ki kai shi gulbi."

Yaya Zalika ta tsaya ta kalle ta sama da ƙasa. "Wagga kuma ɗiyar wa ce? Lokotoron gobe mai farar riga? Kun hana uwa gawa, yanzu kun biyo ta gida za ku hana ta tsumma."

Nafisa ta juyo, ni take yi wa magana. Ta ce ciwon a cikin abin da ya fito daga cikin mara lafiya yake, kuma muddin zanen yana da danshi yana nan da rai. In ya shiga ruwa, wani ya ɗiba ya sha, ya same shi. Ta ce ko dai a ƙona shi, ko a jiƙa shi cikin jabel mai ƙarfi a gida, a zubar da ruwan cikin rami a rufe. Ta fito da kwalba daga jakarta.

Na ce mata jabel yana cin launi.

Ta ce, "Zai ci, Inna. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gaya mata abin da ban taɓa zaton zan gaya wa ɗiyar mutane ba. Na ce duk iliminsu da kwalabensu ina suke sa'ad da ɗiyata ke zubewa? Ita da ta fi kowa wanke hannu ita ta tafi, masu shan ruwan gulbi da baki suna nan suna cin tuwona. Na ɗora kwanon a kai na fita. Yaya Zalika ta biyo ni, Nafisa ma ta biyo mu a baya da kwalbarta.

Mashayar unguwarmu ba nisa. Ruwan ya hau har gindin itatuwa, ja, yana tafe da ciyayi. Famfon unguwa ya lalace tun farkon ambaliya, kowa nan yake ɗiba. Na iske 'yan mata sun jera bido, jarkokin ruwa, suna cikawa. Wata tana wanke tukwane. Ƙasa da su kaɗan ɗiyar maƙwabciyata ta sauke goyonta ta zaunar da shi bakin ruwa, tana ɗiba da tafin hannu tana ba shi.

Yaya Zalika ta ce mu matsa gaba, ƙasa da masu ɗiba, ruwa zai tafi da shi. Na dubi ƙasan. Akwai wata mashayar bayan kwana, bayanta akwai wata, haka har Garu. Ni na bi ta jirgi, na gan su.

Na juya na tambayi Nafisa, da faɗa nake tambayar. Na ce ta dubi abin da ke cikin ruwan nan, salgogin rabin gari sun fashe sun shiga, zane ɗaya me zai ƙara?

Ta ce, "Ban sani ba, Inna. Wataƙila ba komai. Amma wannan na san abin da ke jikinshi, ni na kwance mata shi."

Na daɗe tsaye da kwano a kai har wuyana ya yi tsami. Yaya Zalika tana ta magana da Dandanci, yaren gidansu, tana cewa rana na yi, mutane na jira, haka aka yi wa uwarta, haka aka yi wa kakarta, ba wanda gulbi ya kashe don an wanke zane. Ba wani tunani mai kyau na yi ba. Na dai kasa sauke kwanon a gaban yaron nan da ake ba ruwa. Na juya na kama hanyar gida.

Bayan ɗaki muka yi. Manzo ya haƙa rami. Nafisa ta haɗa ruwan a bokiti, ta miƙo mini safar hannu. Na ce ba zan sa ba. Ta ce to ba za ta ba ni ledar ba. Ɗiyar da ba ta kai autata ba tana ja da ni a gidana, ranar sadakar ɗiyata. Na sa. Na kwance ledar da kaina na tura zanen cikin bokiti, na danna shi da hannu biyu. Ina kallo shuɗin ya fara fita, ruwan ya rine, ganyen suka dushe. Nafisa ta ce sai an bar shi ya jima. Muka zauna muna jira, hayaniyar mata tana zuwa daga tsakar gida, warin yana hawa kaina. Da muka ɗauraye muka shanya, ya koma wani fari-fari mai dabbare-dabbare, kamar tsumman goge tukunya.

Yaya Zalika ta zo ta tsaya gaban igiya. Ta ce, "To, wa za a ba wannan? Ko mahaukaciya ba ta karɓa." Ta ɗauki takalmanta ta tafi, ba ta tsaya addu'a ba. Matan da suka rage suka yi ta leƙowa bayan ɗaki suna komawa. Na ji wata ta ambaci sunana tana cewa baƙin ciki ya taɓa Barakatu, ta bar 'yar lakwal tana juya ta. Ba a ba kowa zanen ba. Yana cikin akwatina.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Ba a yi arba'in ba kwalara ta shigo unguwarmu. Ta inda ta biyo ban sani ba. Ta kwantar da mutane da yawa, ta ɗauki wani tsoho mai gyaran tarun kamun kifi da wata mai jego. Ma'aikata suka zo da jabel da lasifika, aka gyara famfon da aka yi ta roƙo a gyara tun kafin a mutu. A gidan gaisuwar mai jegon na haɗu da Yaya Zalika. Ta matso kusa da ni, a hankali ta ce, "Kin hana ɗiyarki haƙƙinta, ga shi abin ya zo duk da haka. Me kika tsare?"

Yaron da na gani bakin ruwa yana nan, ya yi wayo, yana bin awaki da gudu. Ko da na wanke zanen a gulbi wataƙila da yana nan. Ba mai iya gaya mini. Na tambayi Nafisa ranar da ta zo yi mini sallama, ta gama karatu an tura ta aiki wajen Kandi. Ta ce haka aikin nasu yake, wanda bai kamu ba ba ya sanin an tsare shi, kai ma ba ka sani. Na ce mata to mugun aiki ne. Ta ce haka ne, Inna, ta yi dariya, sai kuma ta fashe da kuka, na rasa wa zai rarrashi wani.

Yaya Zalika tana gaisawa da ni a hanya, amma ba ta ƙara shiga ɗakina ba. Na koma kasuwa, albasa ba ta jiran mai makoki.

Har yanzu ba na son warin jabel. Kowace safiya in na cika randa, nakan ɗauko kwalbar daga saman katanga, in kau da fuska, in ɗiga yadda Nafisa ta gwada mini. Manzo yana mita, wai ruwan gidanshi ya koma na likita, wani lokaci ya tafi maƙwabta ya sha. Ni dai in rufe randar da faifai, in jawo kujera in zauna kusa da ita, kada wani ya ɗiba kafin ya jima.