Lemun Tsakar Gida

Ba hayaƙin da ya kai na ɗanyen ganyen lemu cin ido. Tun safe Remei take jido dashe daga rumfar ragar da take renon lemun sayarwa tana zubawa a ramin wuta, bayanta kamar zai ɓalle. Malamin gona ya zo daga birnin Valencia ya yanke hukunci: ciwo ya shiga rumfar, sai an ƙone komai kafin a yi zancen mayar mata da izinin sayarwa.

Abin takaici, ba ƙwaro ne ya kawo shi ba, ragar ko huda babu. A layin ƙarshe ta tarar da wasu dashe da aka aura musu tohon wata bishiya, aka ɗaure da zaren kaba maimakon leda. Mutum ɗaya ya rage a garin mai irin wannan ƙulli: mahaifinta, Batiste.

Ta same shi a tsakar gida, ƙarƙashin lemun da marigayiya mahaifiyarta ta dasa.

"Baba, ina ka yanko tohon da ka yi auren nan da shi?"

Batiste bai ɗago ba. "A gida mana. Haka ake yi tun ba a haife ki ba. Maƙwabci ya naɗo maka reshe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ce an gode."

"Shi ya sa rabin gonakin garin nan suka bushe! Ni ko wuƙa sai na tsoma a ruwan magani kafin in taɓa dashe, kai kuma..."

"Bishiyar uwarki ce, 'yar nan. Tsufa take yi. Na ce kada ta tafi ba magaji."

"Ciwo take yi, Baba."

"Ciwo? Ɗaga kanki, likita. Kin taɓa ganin ta yi 'ya'ya haka?"

Ta ɗaga. Rassan sun rankwafo da lemu, ganyen kuwa ya yi fari-fari. Ta sani, shi ma ya fi ta sani: haka mai wannan ciwo take yi a shekararta ta ƙarshe.

Ta so ta yi faɗa, amma ina, gajiya ta cinye faɗan. Ta zauna kusa da shi, tana warin hayaƙi.

"Ita ma sai an sare ta, Baba."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi bishiyar. Sannan ya miƙa hannu ya tsinko lemu ɗaya, ya fere da wuƙarsa ta auren dashe, ya ba ta rabi.

"Sha tukuna," in ji shi. "Zarton yana bayan ƙofa. Ni dai hannuna ba zai iya ba."