Allon Habibatu Tela

"Ba fenti, ba burushi, Anti Habi. Likita ya ce hutu kawai."

Malam Muktar ya tare bakin zaure kamar mai gadin banki. Habibatu ta ɗaga kular da ke hannunta.

"Masa ce da miyar taushe. Ko ita ma likitan ya hana?"

Ya kauce mata. Da ya buɗe kular, da ya tarar da ƙananan gwangwanayen fenti uku a ƙarƙashin masar, an ƙunshe su a leda. Amma matar da ta shekara ashirin tana ɓoye karkataccen ɗinki a idon amare, ɓoye gwangwani ba zai gagare ta ba.

Sabitu, ƙanen Muktar, mai zane ne, kuma da sikila aka haife shi. Rabin allunan shagunan Wunti aikin hannunsa ne, har da na masu hatsi a kasuwar Muda Lawal da bayan kekuna. Yana yaro wani likita ya faɗa wa uwarsa, a gabansa, cewa da wuya ya wuce ashirin. Sabitu bai yafe wannan magana ba. Tun ranar da ya cika ashirin da ɗaya bai ƙara sa sunansa a allo ba, shekarunsa yake rubutawa a kusurwar ƙasa. Baƙi sukan zaci lambar shago ce. Kuma yana da ƙa'ida: ba ya sa lambar sai aiki ya ƙare tsaf, fenti ya bushe.

Ta same shi a kan katifa a gindin darbejiyar tsakar gida, idanu sun yi ruwan ɗorawa, yatsu sun kumbura. A jikin bango ga allon shagonta a jingine. Shekara shida yana cewa gobe, don ita maƙwabciya ce, babu inda za ta.

"Kin kawo?"

"Ka ci masar tukuna."

"Anti, masa ba ta guduwa. Ɗaura min."

Yatsun ba sa iya riƙe burushi, don haka ta zaro ƙyallen atamfa daga jakarta ta ɗaure masa shi a hannu, kamar yadda ta saba duk sanda ciwon ya tashi. Tana jin tsoron kada aikin ya ƙarasa shi, amma ta fi tsoron ya tafi a kwance yana kallon ganye, ana kiransa bawan Allah.

Kwana uku suka yi haka, da zarar Muktar ya fita aiki. Ya zana keken ɗinki baƙi da zare ja, ya rubuta HABIBATU harafi bayan harafi, yana tsayawa yana cije leɓe har zafin ya lafa. A rana ta uku saura kalma ɗaya, TELA. Ya daɗe yana kallon gurbinta. Sannan ya sauke hannu zuwa kusurwar ƙasa.

"Ai ba ka gama ba," in ji Habibatu.

"Na sani."

Nan ta gane ya san ba zai kai ga ƙarasa aikin ba. Ta ƙara riƙe masa allon da kyau.

Daidai lokacin Muktar ya yi sallama, ya dawo ɗaukar takardar da ya manta. Ya dubi gwangwanayen, ya dubi kular.

"Anti Habi, da girmanki? Kashe shi za ki yi?"

"Yaya," Sabitu ya ce ba tare da ya ɗago ba, "shekara ashirin da huɗu ke nan da wa'adin likita ya cika. Ban tambaye shi izini ba, kai ma ba zan tambaye ka ba. Matsa, ka tare min haske."

Muktar ya dubi allon. Ya matsa. Sabitu ya rubuta 44, huɗun farko a miƙe, na biyu ya ɗan jirkice.

Ranar Alhamis bayan la'asar Sabitu ya cika a asibiti.

A zaman makoki kowa ya shigo sai ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya huta, ya sha wahala." Habibatu ta amsa amin har ta gaji. Da wata ta ce ai Sabitu mai sikila ya yi haƙuri, sai ta juya.

"Sabitu mai zane. Kuma bai yi haƙuri ba, aiki ya yi. Allon shagon mijinki ma talatin da bakwai ne a ƙasansa, ki je ki duba."

Bayan sadakar bakwai Muktar ya kawo mata allon da kansa, a rungume.

"Akwai wani mai zane a hanyar Gubi, zai ƙarasa miki kalmar."

"Duk Wunti wa bai san ni tela ba ce? Kawo ƙusa."

Shi ya hau benci ya kafa, ita tana ƙasa tana cewa ya ɗaga dama kaɗan. Da ya sauko bai tafi ba, ya tsaya yana kallon kusurwar ƙasa. Habibatu ta rataya burushin Sabitu a ƙusar da ta rage, da ƙyallen atamfar har yanzu a ɗaure, ta shiga ta zauna a kan kekenta. A waje iska tana kaɗa burushin, yana ɗan taɓa gurbin da babu rubutu.