Geron da ke Ƙarƙashin Rumbu

Tun da bazara ta kama, girkin gidan ya koma abu biyu, dilo da rana, ganyen jiga da marece. Dilo ƙwayar anza ce, itacen nan na kan dutse mai ɗacin tsiya. Sai Zaliha ta jiƙa shi kwana da kwanaki, tana zubar da ruwa tana sake wani, kafin ya ciwu. Ruwan kuwa daga rijiyar gangare take ɗauko shi a ka, ga ciki ya tsufa mata.

Mijinta Abdurazak ya tafi Abijan tun bayan kaka, kamar sauran mazan ƙauyensu da ke gefen Kalfu. Kafin ya tafi ya auna wa mata rabonsu na rani, sannan ya hau rumbu ya liƙe bakinsa da laka, ya kifa masa hular ciyawa. "Sai ruwan shuka," ya ce. Haka ake yi a kowane gida. Geron rumbu na masu noman damina ne, ba a taɓa shi sai maza sun dawo sun ɗauki hauya. Mace kuwa ba ta hawa rumbu, ba ta leƙa shi, an ce idonta na korar albarka. Rabon rani ya ƙare tuni. Bana kuma saƙo bai zo daga Abijan ba, an ce darajar kuɗin sefa ta karye, 'yan cirani da kansu suna neman na abinci.

Su manya sun saba, suna haɗiye dilo da ruwa. Ɗanta Ciɗo ne ya ƙi. An yaye shi da wuri saboda cikin da ya shiga, kuma tun daga ranar bakinsa bai yarda da komai ba sai kunun gero.

"Haɗiye mana, ɗan albarka," Zaliha ta ce, tana tura masa dilon da ta dama da yatsa. Ya juya kai, ya turo shi waje da harshe. Ko kuka bai yi ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan.

Inna Habi, uwar mijinta, na zaune a inuwar zana tana tsince jiga. Kamar kowace kaka, mijinta take kiran jikan.

"Mai gidana ya yi fushi da girkin gidanga," ta ce. "Kai, tsohon banza, ba ka kawo cefane ba, kana zaɓen tuwo?"

Da can Ciɗo kan yi dariya ya kai mata duka. Yau kallonta kawai ya yi. Gashinsa ya yi ja ya kwanta, ƙafafunsa sun ɗan tasa.

Zaliha ta goya shi har Kalfu. Ta iske ɗakin magani a rufe, ma'aikata na yajin aiki don an daɗe ba a biya su ba. Majo, babban malamin asibitin, na zaune ƙarƙashin itacen bedi yana dafa shayi. Bai kore ta ba. Ya danna ƙafar yaron da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Wannan ba ciwon allura ba ne, Madam," ya ce. "Kunun gero da ɗan ƙuli-ƙuli, safe da rana da marece. Kuna da gero?"

Ta mai da yaron bayanta. "Muna da shi."

Da ta dawo ta wuce wajen Baba Alƙasum, ƙanen uban mijinta, wanda aka bar wa kula da gidan. Ta durƙusa daga nesa, ta gaishe shi, ta faɗa masa abin da majo ya ce.

"Ɗiyata, na ji," ya ce, yana murza igiya a cinya, bai ɗago ba. "Amma ba rumbuna ba ne. Wanda ya liƙe shi ka buɗe shi. In na buɗe miki yau, gobe matan garinga duk su taso, damina ta iske rumbuna wofi. Wa za shi yi noma da cikin dilo? Ki yi haƙuri, hadari ya kusa."

Ta dubi gabas. Sama fara fat, kamar cikin ƙwarya.

Rumbun na tsakiyar gidan, babba, jan laka, zaune bisa duwatsu. Duk inda ta juya yana gabanta. In ta hura wuta inuwarsa ce ke kanta, in ta yi shanya jikinsa take zagayawa. Ita ta ɗauko dammunan daga gona a ka, tana miƙa wa Abdurazak yana jerawa. Ta san irin zangarniyar da ke ciki, dogaye masu nauyi, na gonar fadama. Tsakaninsu da bakin ɗanta laka ce kaurin tafin hannu.

Ranar Juma'a motar 'yan siyasa ta shigo gari da lasifika da makaɗa. Bayan masallaci maza suka wuce dandali, mata da yara suka bi, an ce za a raba sukari da ɗan kwali mai hoton jam'iyya. Unguwa ta yi tsit. Inna Habi ta shige ɗaki ta kishingiɗa.

Zaliha ta kwantar da Ciɗo a tabarma. Ta jawo tsanin da ke bayan garken awaki, ta jingina shi da rumbu, ta soke 'yar fartanya a ƙugu. Ta san abin da zai biyo baya. Laka sabuwa ba ta ɓuya, ko ta sake liƙewa za a gani. Za a ce matar Abdurazak ta fasa rumbun mijinta, daga nan sai gidan ubanta, Ciɗo kuma a nan za a bar shi. Ta taka matakin farko. Cikin ya tokare tsanin, sai da ta karkace. Ta taka na biyu, itacen ya yi ƙara.

"Sauko."

Inna Habi ce tsaye a bakin ɗaki, ba ɗan kwali.

"Inna, ki bar ni."

"Na ce ki sauko. Ki faɗo da cikinga ki ce mini mi?"

"To in yi yaya?" Muryar Zaliha ta fashe, abin da ba ta taɓa yi gaban tsohuwar ba. "Kullum haƙuri, kullum hadari ya kusa. Dube shi, Inna! Ko ƙuda ba shi korewa. Gero na nan, ni na ɗauko shi da kaina, in zauna ina kallo?"

"Ke kaɗai kika san ɗa? Mai da tsanin nan inda kika ɗauko shi, ki share sawunsa. Maza, kafin makaɗan can su gaji."

Zaliha ta sauko. Ta mai da tsanin. Da ta dawo ta iske tsohuwar durƙushe a bayan rumbu, ta wajen katanga, tana korar kajin da ke fakewa a ƙarƙashi. A hannunta akwai wani siririn sanda mai lanƙwasa a baki, wanda Zaliha ta saba gani soke a rufin ɗakin Inna, ta zaci na kaɗo kuka ne.

"Bayana ba ya lanƙwasuwa yanzu," Inna Habi ta ce. "Kwanta ta gefe, ki tura hannu. Bi dutse na tsakiya, ki lalubi sama. Ki yi hankali da kunama."

Zaliha ta kwanta a ƙasa mai zafi, cikin kashin kaji, ta cusa kafaɗa har kumatunta ya taɓa gindin rumbun. Wurin ƙunci, ko numfashi da kyar. Yatsunta suka bi laka mai santsi, suka ci karo da wani dunƙule da bai yi kama da sauran ba. Ta murɗa, ya fito, curin laka ne naɗe da tsumma. Ƙamshin gero ya sauko mata a fuska, sai da idonta ya kawo ruwa.

"Sa ƙugiyar, ki jawo a hankali. Kada ki yi haɗama."

Zangarniya ta farko ta fito a karye, ta biyu lafiya lau. Ta ƙara ɗaya, tsohuwar ta taɓa ƙafarta.

"Ya isa. Na yaro ne, ba namu ba."

Ta fito tana haki, ƙasa har cikin kunne. "Inna, wa ya huda shi?"

"Rumbunga ya girme ki," tsohuwar ta ce, tana kaɗe zanenta. "An ce mace ba ta hawa, ba ki hau ba. An ce ba ta leƙawa, kin leƙa?"

"Ban ga komai ba, duhu ne."

"To." Ta juya wajen tabarma. "Kuma ga namijin gida nan kwance, shi ya ba da izini. Ko ba haka ba, mai gidana?"

Ba a sa turmi ba, don duk unguwa ta san ƙarar dakan gero, ta bambanta da ta komai. A cikin ɗaki Zaliha ta murje zangarniyar da tafin hannu a ƙwarya, ta hure ƙaiƙayin, ta cusa karan cikin murhu. Ta jawo dutsen niƙa da aka daɗe ba a taɓa ba, ta niƙa a durƙushe, ciki na taɓa cinya, gumi na ɗiga. Inna Habi ta kwance bakin zanenta ta fito da guntun ƙuli-ƙuli, ta marmasa a ciki. Gari bai fi cikin ludayi biyu ba. Ta dama, ta tace da tsohon ɗan kwalin zaɓen bara, ta ɗora a wuta.

Kunun na tafasa mata suka fara dawowa daga dandali. Kadidiya, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan katanga da ƙullin sukari a hannu.

"Ke Zaliha, ba ki zo ba, an raba an gama! Kai, ƙamshin mi nike ji haka? Awa kunu."

Muciyar ta tsaya a hannun Zaliha.

"Yunwa ce ta hau miki hanci," Inna Habi ta ce, ta watsa busasshen kashin awaki a wuta, hayaƙi ya turnuƙe. "In kina jin ƙamshi, sammana sukarin mu sha da shi."

Kadidiya ta yi dariya, ta sauka tana tari. Ba ta ƙara tambaya ba, Zaliha kuma ta rasa ko ta yarda ne ko ita ma akwai abin da ta sani a ƙarƙashin nasu rumbun.

Ta ɗauki Ciɗo a cinya, ta hura ludayin, ta kai bakinsa. Ya juya kai kamar kullum. Ta shafa masa kaɗan a leɓe. Ya lasa, ya tsaya, sai ya kama hannunta da nasa biyu ya jawo. Ya sha yana numfashi sama-sama, kunu na bin haɓarsa, tana tarewa da yatsa tana mayar masa.

"A hankali, maye," Inna Habi ta ce, ta kau da fuska tana gyara itace.

Da ya yi barci Zaliha ta wanke ƙwaryar sau biyu, ta zubar da ruwan a garke.

"Inna, in ɗanki ya dawo ya buɗe, zai ga ya sauka."

"Zai gani."

"In ce masa mi?"

"Ba ki cewa komi. Shi zai ce ɓeraye. Ubansa ma haka yake cewa."

Zaliha ta ɗauki ƙugiyar. Kowace zangarniya da ta jawo, loma ce ta fita daga bakin mai noma, kuma ba wanda ya san ranar da ruwa zai sauka. Gobe ma sai ta jira gida ya yi tsit, ta kwanta a kashin kaji, jibi ma haka, cikin kuma yana ƙara girma, wurin yana ƙara matsewa. Ta soke ƙugiyar a rufin ɗakin Inna, ta sauya wa dilo ruwa, ta ɗauki tulu ta nufi rijiya.