Mariƙan Kujerar Baya

Ranar da Fusae ta ce mariƙan kujerar baya sun daina ɗumi, mijinta Shigeharu ko hular kwano bai gama cirewa ba. Dawowarsu ke nan daga zagayen gonaki da suka saba yi ranar Lahadi a kan ƙaton babur ɗinsa mai taya uku, ɗaya gaba biyu baya, wanda ya saya bayan gwiwoyinsa sun gaza tsayar da mai taya biyu. A nan yankin Tokachi da an gama haƙar dankali iska take fara cizo, shi ya sa tun wajen saye ya nace sai mai mariƙai masu ɗumi a gefe da gefen kujerarta.

"Baba, abin nan ya mutu fa," in ji ta tana murza hannuwa. Tun haihuwar 'yarsu haka take kiransa, shi kuma yana ce mata Mama. "Tun daga gada nake jin kamar ƙarfen banza na riƙe."

Ta shige gida ɗora ruwan shayi. Shigeharu ya ɗora tafinsa a kan mariƙin hagu, ya koma na dama. Ɗumi suke kamar kofin shayin da aka zuba yanzu. Nan take ya gane ba mariƙan ne suka mutu ba.

A watan da ya wuce likitan asibitin birnin Obihiro ya kira shi ɗaki daban shi da 'yarsu Michiyo, aka bar Fusae, mai ciwon, a waje tana duba mujalla. Ƙari ne a cikin lakar wuya, a inda wuƙa ba ta kaiwa. Hannuwa za su fara daina ji, daga baya ƙafafu su bi. Likitan matashi ne, ya so a kira ta a faɗa mata. Shigeharu ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur, ya roƙi a bar wa iyali maganar. Haka tsararsa suka taso, haka aka yi wa uwarsa, haka aka yi wa surukinsa: ba a faɗa wa mai ciwo ciwonsa. Tausayi ake kiran wannan, ko da yake galibi masu ɓoyewar yake yi wa amfani. Aka ce wa Fusae sanyin ƙashi ne irin na tsufa.

Da ya shiga gida ya tarar da ita tana zuba shayi, ya ce, "Gaskiyarki, sun mutu. Gobe zan duba."

Washegari ya shimfiɗa buhu a rumfar tarakta, ya jera sufana da sukudireba kamar mai aikin gaske. Fusae ta jawo akwatin dankali ta zauna, ta karɓi tocila. Haka take yi tun suna amare, ba a kwance ko da injin feshi a gidan nan ba ta haska ba. Ya ɗaga kujera, ya buɗe akwatin fis, ya zaro na mariƙan ya ɗaga sama. Ta haska, suka ga zaren ciki lafiya lau.

"Ba shi ba ne," ya ce.

Ya koma kan makunnin da ke gefen cinyarta, ya kwance, ya hura, ya goge da tsumma, ya mayar. Ya bi waya da yatsa tun daga batir har inda ta haɗu da ta mariƙan, ya zare mahaɗar ya fesa mata mai, ya ce tsatsa ce ƙila. Duk bayan abu ɗaya sai ya ta da injin ya ce ta gwada. Ta kama, ta jira, ta girgiza kai. Shi ma ya kama, ɗumin ya ratsa masa tafi, ya girgiza kai.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Yau batir ne ya yi rauni, gobe danshi ne ya shiga. Mutumin da bai taɓa iya yi wa dillalin wake ƙarya ba, ga shi ya zama gwani a cikin rumfarsa. Yana jin kunyar kansa, yana kuma jin tsoro, tsoron ya fi yawa. Da ya kira Michiyo daga bayan rumfa ya faɗa mata, kuka ta sa, ta ce, "Baba, ka ƙara haƙuri. A bar ta ta ci Sabuwar Shekara da daɗin rai."

Wata safiya suna cin shinkafa da gasasshen kifi, Fusae ta ce, "Na kira Gonda. Yana nan tafe da hantsi. Ka sha wahala haka nan, kana neman ƙarasa gwiwar da ta rage maka."

Gonda bakanike ne, tare suka yi firamare da Shigeharu, kuma bakinsa ba shi da birki. In ya taɓa mariƙan ya ji ɗumi, to a gabanta zai faɗa, da dariya ma. Jan shi gefe a yi masa bayani kuwa ba ya cikin lissafi, don ba a kai ciwon gida waje alhali mai shi ba ta sani ba. Shigeharu ya ajiye tsinken cin abinci ya fita rumfa. Ya tono wani ƙonannen fis a cikin gwangwanin tarkace, ya zare mai kyan ya sa a aljihu, ya cusa wannan. Yanzu dai akwai cuta ta gaske a jikin babur, ba wanda zai ƙaryata matarsa. Iyakar inda tunaninsa ya tsaya ke nan. Tsoro bai bar shi ya tuna cewa abin da bakanike ya gano gyarawa yake yi ba.

Gonda ya iso da ƙaramar motarsa, ya gaida Fusae da sunkuyo, ya dubi abokinsa. "Shigeharu, an ce ka buɗe gareji ba ka gayyace mu ba. Ina mara lafiyar?"

Ya ɗaga kujera, ya zaro fis ɗin ya duba, ya yi tsaki. "Tsohon banza. Sati nawa kana kwance a kan buhu saboda wannan? Tabarau ya kamata ka gyara, ba babur ba. Fusae, yaya kika yi zama da shi duk shekarun nan?"

"Ya duba fis ranar farko," in ji Fusae a hankali. "Ni na haska masa."

"To ke ma sai mu haɗa ku wajen mai tabarau."

Ya zaro sabo daga aljihun riga ya cusa, ya ta da injin, ya danna makunnin zuwa ƙarshe. Ya ɗan jira yana ba da labarin wata tarakta da ɓeraye suka cinye wa waya. Sannan ya kama mariƙin, ya saki yana yarfe hannu. "Ai har dankali sai ka gasa. Zo ki kama ki ji."

Shigeharu yana tsaye da sufana a hannu. Fusae ta taso daga kan akwati, ta ɗora hannuwa biyu a kan mariƙin hagu, ta riƙe. Ta daɗe a haka, fiye da yadda mai jin zafin zai iya. Sai ta juyo ta sunkuya wa Gonda.

"Ya yi ɗumi sosai. Mun wahalar da kai."

Ta shiga gida ta cuso masa kabewa biyu da ƙullin jan wake a buhu, ta raka shi har mota, ta tsaya a sunkuye sai da ya sha kwana. Injin babur na nan yana ƙara a hankali, Shigeharu bai iya kashewa ba.

Ta dawo rumfar ba ta dube shi ba. Ta durƙusa a gefen kujerarta, ta kawar da gashinta, ta ɗora kumatunta a kan mariƙin. Nan take ta janye. Ta buɗe tafukanta ta duba, sun yi ja. Ta koma kan akwatin ta zauna, ta ajiye su a cinya kamar kayan aro.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar asibiti."

"Michiyo fa?"

"Tana wurin."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. "Hannuwa ne kaɗai?"

Ya buɗe baki da niyyar cewa eh, har ya ji kalmar a harshensa. Tana kallonsa yanzu, ido cikin ido. Ya ce, "Ƙafafu za su biyo. Likita bai ce yaushe ba. Ba tiyatar da likitoci za su iya yi." Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, Mama."

"Ni ma haka na yi wa babana," ta ce. "Har ya rasu yana ce mana ya ji sauƙi, muna ce masa ya ji sauƙi. Ko sallama ba mu yi ba." Ta dubi tafukanta. "Ka sa na yi sati biyu ina haska maka waya, alhali akwai mutanen da nake son gani da ƙafata."

Ya ajiye sufanar a kan buhu.

Ta tashi ta ɗauko hular kwanonta daga ƙusa. Ta yi ta fama da igiyar haɓa, yatsun ba su samo ramin ba. Ya matso zai karɓa, ta bar shi ya ɗaure mata.

"Gidan yayata a garin Hiroo za mu fara, kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Kashe abin nan, kada ya ƙona ni."

Ya kashe makunnin. Ta hau, ya hau. Maimakon mariƙan, sai ya ji hannuwanta sun zagayo cikinsa sun haɗu a kan rigarsa.

"Baba," ta ce a bayan kunnensa, "in ka ji na sake ka, ka faɗa mini. Ni ba zan sani ba."