Buhunan Jonathan

A duk faɗin arewa maso gabas babu ƙungiyar 'yan kasuwa da ta kai ta masu turare ta kasuwar Gamboru a Maiduguri iya adana takardu. Alhaji Madu, ciyaman ɗin ƙungiyar, shi ya tabbatar da haka a taron shekara, kuma ya fi kowa sani tunda shi ya yi aikin. Shekara biyu da suka wuce ya karɓi satifiket ɗin rajistar kowa, ya sa aka ɗora su a shafin intanet na ofishin gwamnati mai rajistar ƙananan sana'o'i. Ya ce daga ranar takarda ta zama kayan tarihi. Asalin takardun kuwa aka zuba su a kwali ƙarƙashin teburin ofishin ƙungiya, inda gara, wadda ba ta halarci taron ba, ta ci gaba da ɗaukarsu da muhimmanci.

Wata Litinin rediyo ta ce an samu 'yar tangarɗa a shafin. Tangarɗar ita ce, tsawon wata huɗu duk wanda ya ga dama yana iya shiga ya canza sunan mai sana'a da lambar wayarsa.

Ya Falmata, mai haɗa turaren wuta da humra a layi na uku, ba ta ji rediyon ba. Manajan wani babban kanti a Abuja da ke sayen kayanta ne ya kira ta.

"Hajiya, mun duba rajistarki. Wane ne Abdulnasir?"

"Ban san shi ba."

"To, shi ne mai kamfaninki."

Ya ce ba za su ƙara karɓar ko kwalba ɗaya ba sai sunanta ya dawo. Ta tafi ofishin rajista. Ma'aikacin da ke kan tebur ya ce ta kawo satifiket ɗinta ko kwafinsa mai nuna hatimi kafin Juma'a. Bayan Juma'a, abin da ke cikin kwamfuta shi ne gaskiya.

Ta wuce wajen Alhaji Madu. Ya jawo kwalin da ƙafa, ya ɗaga murfin, ya mayar da shi da sauri.

"Ya Falmata, ki kwantar da hankalinki. Za mu kafa kwamiti."

"Alhaji Madu, kwamitin zai zauna kafin Juma'a?"

"Haba, ai ba a yi wa kwamiti gaggawa."

Tana fitowa ta tuna wanda aka kai wa takardun ya ɗora su. Jonathan ne, mutumin Biu, mai shagon fotokwafi a unguwar Mairi, kusa da jami'a. Ɗaliban jami'a sun san shi da abu biyu. Injinsa ba ya fitar da takarda mai kyau sai a karo na uku, shi kuma bai taɓa zubar da biyun farko ba. Yana cusa su a buhunan shinkafa, ya riƙa ba ɗalibai bayansu su yi rubutun gwaji, in sun gama ya karɓe kayansa. Ɗalibai suna kiran wannan rowa. Shi yana kiransa tsari.

Ta ja lafayarta ta shiga keke.

"Ya Falmata, wushe! Turare ya riga ki shigowa," in ji Jonathan, yana yi mata sannu da Barbarci.

"Wushe, Malam Jona. Yau rowarka na zo nema."

Ta ba shi labari. Ya cire tabarau, ya dubi buhuna tara da ke jere a jikin bango.

"Aikin ciyaman ɗinku na tuna shi. Kafin na ɗora kowace sai da na yi mata kwafi, injin kuma lokacin yana ciwo sosai. Takardarki tana nan. Amma wane buhu, Allah ne masani."

"Ba ka rubuta shekara a jiki ba?"

"Da me? Biro ma saye ake yi."

Ya rufe shago rabi, ya kori ɗalibai biyu da suka zo da littafi, shi da Ya Falmata suka zazzage buhu na farko a ƙasa. Suka ga katin ɗaurin aure, takardar asibiti, sakamakon jarrabawar wani da ya faɗi darasi huɗu, hoton wata amarya da layin injin ya raba mata fuska biyu. Ya Falmata ta ɗago kai.

"Malam Jona, ashe asirin rabin Maiduguri a buhunka yake."

"Kuma ba wanda ya taɓa shiga ya canza suna," in ji shi, bai ɗago ba.

Talata ta wuce a buhu uku. Laraba da la'asar, a buhu na shida, Jonathan ya miƙa mata wata takarda. Baƙin layi ya ratsa ta daga sama har ƙasa, amma ya bi ta gefen hatimin, sunanta kuma yana nan cikakke. A bayanta wani ɗalibi ya cika shafin da bayani kan kiwon tarwaɗa. Ta zauna a kan buhun ta rufe fuska da lafaya.

"Allah ya saka maka, Malam Jona. Allah ya raya zuri'a."

"Amin. Kar ki jiƙa ta, ita kaɗai ce."

A buhun suka tsinci na mutum talatin da ɗaya daga ƙungiyar. Jonathan ya ɗaure su da igiya ya ba ta.

Ran Alhamis ma'aikacin rajista ya duba hatimin, ya juya takardar, ya karanta bayanin tarwaɗar har ƙarshe, ya ce shi ma ya daɗe yana tunanin haƙa tafki a gidansa. Sannan ya goge Abdulnasir. Kafin azahar kantin Abuja ya aiko a loda kwali shida.

Ran Asabar Alhaji Madu ya kira taro a ƙofar shagon Jonathan. Ya bayyana cewa ƙungiya, cikin hangen nesanta, tun farko ta tanadi rumbun ajiya na biyu a Mairi. Ya ce daga yau kowane ɗan ƙungiya zai samu kwafi uku a leda, ɗaya a shago, ɗaya a gida, ɗaya wajen ɗan'uwa a wata unguwa, kuma duk kyauta ne. Aka yi tafi. Jonathan, wanda a nan ya fara jin labarin kyautar, ya dubi janaretonsa.

Mutane suka yi layi. Ya Falmata ta zagaya gidan mai da ke bakin titi, ta dawo da galan biyu na fetur, ta tsaya a kantin kusa ta ɗauki kwalin farar takarda. Ta shiga ta ƙofar baya ta ajiye su kusa da injin, ta ɗora kwalbar humra a kai don matar Jonathan. Ciyaman yana kan bayanin mataki na gaba lokacin da ta koma ƙarshen layi ta tsaya.