Gamba a Gindin Ɗorawa

Shekarar da Gwadabe ya dawo daga Kano da akwatin ɗaukar hoto, irin wanda mutum ke cusa kai cikin baƙin ƙyalle, damina guda ya yi yana yawon ƙauyuka. Da kaka ta yi, sai ya ari rumfa a kasuwar Wudil ran Juma'a, ya kafa zana, ya soke hotunansa da ƙayar aduwa: ga masunta a bakin kogi, ga mata masu ginin tukwane, ga masu sussukar gero na Lajawa. Jama'a suka yi cincirindo, kowa na neman fuskar da ya sani.

Cikin masu kallo har da Haladu na Achika. A lokacin yana shari'a da Ya'u, ɗan wansa marigayi. Gonarsu ɗaya ce da can, aka raba gado, aka dasa gamba ta zama iyaka. Ya'u ya ce gambar ta yi ƙafa, ta shigo masa taku bakwai, har ta haɗiye ɗorawar ubansa. Haladu ya ce tun ranar rabo nan take. Ya'u ba shi da shaida, don haka alƙali ya ce ran Asabar, washegarin kasuwar, Haladu ya yi alwala ya rantse da Alƙur'ani, gona ta zama tasa.

Haladu na tafe yana dariya, sai ya yi kiciɓis da kansa. Ga shi nan riƙe da fartanya a noman farko, ya turo ƙirji. Bayansa kuwa ga ɗorawa, ga gamba ta bi ta gindinta, itacen yana ɓangaren Ya'u. Sai da marka ta sauka ya ciccire ta ya matsar, ya manta an riga an ɗauke shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ya matsa kusa da Gwadabe, murya ƙasa-ƙasa.

"Kai, sauke wannan."

"Haba Baba Haladu! Duk rumfar nan ba wanda ya yi kyanka. Ai kai ka ce in jira ka gyara hula."

"Na ce sauke shi, ɗan nema!"

"Sai la'asar, Baba. In na cire yanzu, ai zanar ta yi giɓi."

Kafin ya sake magana, sai ga Ya'u ya shigo da igiyar akuya a hannu, yana bin hotuna ɗaya bayan ɗaya. Haladu ya juya ya jingina da zana, ya baza babbar riga ya rufe hoton. Gumi ya keto masa. Saura hoto huɗu. Saura biyu.

Ya'u ya rusuna. "Barka da kasuwa, Baba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya mutan gida?"

"Lafiya. Wuce mana."

Wata mai fura, Hansai, ta ɗaga murya daga baya: "Malam, mun ga na zahiri, kauce mu ga na takarda!" Aka kwashe da dariya. Aka fara turo shi ta nan, ta can. Ba yadda ya iya. Ya kauce.

Ya'u ya dubi hoton. Ya daɗe yana dubawa. Ya kai yatsa daidai gindin ɗorawar, bai taɓa ba, ya sauke hannu. Rumfar cike take da mutanen Achika. Kalma ɗaya ta isa ta tsige wa tsohon rawani a tsakiyar kasuwa. Haladu ya sunkuyar da kai yana jira.

"Malam Gwadabe," in ji Ya'u, "hular nan ta zauna."

Ya ja akuyarsa. Da ya zo gifta baffan nasa, ya rage murya yadda ba mai ji sai shi.

"Baba, gobe kada ka taɓa Littafin nan. Ba na son gonar da za ta sa in rasa ka. Ina da magirbi biyu, mu je mu mayar da gambar."

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ran Asabar alƙali ya jira har hantsi, ba wanda ya zo. Masu wucewa ta hanyar Achika dai sun ga mutum biyu a gindin ɗorawa suna haƙa, babba na dasa gamba, ƙarami na ɗebo ruwa.