Saniyar da ke alƙibla

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna a firamare ya tsaya, kuma ni ba mai yawan magana ba ce. Anti Hamdatu, wadda nake zaune a gidanta a unguwar Highbridge, ita ta matsa mini.

Ita ce ta samo mini aikin kula da wata tsohuwa, Misis Dekker, a Manhattan, ta hannun wani kamfani. A falon tsohuwar akwai wani ɗan hoto baƙi da fari: fili shimfiɗe, bishiyoyi uku, saniya da makiyayi. Ta ce a ƙasar Holan aka yi shi shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Da allura aka karce farantin tagulla, aka shafa tawada, aka danna a takarda. Gadon mijinta ne.

Sai dai bangon da yake rataye nan ne alƙibla. Ba na iya salla ina fuskantar hoton mai rai, kuma kunya ta hana ni faɗa. Kullum da azahar, in ta yi barci, sai in sauke shi in jingine bayan kujera.

Ranar wata Laraba ina raka'a ta biyu, 'yarta Joan ta shigo. Ta ga ƙusa ba hoto.

"Mariatu, ina hoton babana?"

Ina salla, ba halin amsawa. Ta sake tambaya da ƙarfi. Na yi ruku'u. Ina sujada na ji ta kira kamfanin da ya turo ni, tana faɗin sunana.

Da na sallame na ɗauko hoton. Na nuna saniyar, na nuna darduma, na haɗa ɗan Turancin da nake da shi.

Hayaniyar ta tashi tsohuwar. Da ta gane zancen sai ta yi dariya har da tari.

"Wannan saniyar ba ruwanta da kowa, ciyawa take nema. Joan, ajiye wayar."

Joan ba ta yi dariya ba. Ta duba gilashin hoton ciki da waje, ta mayar da shi bango da kanta.

"Za ki ci gaba da aiki. Amma kika sake taɓa shi, shi ke nan."

Na ce to.

Washegari da safe na isa da wuri. Na duba alƙibla a waya daga cikin kicin, na matsar da tebur, na goge wurin da ke tsakaninsa da firij, na ajiye dardumata a can.